Katin Baba: Na Kara, Na Ƙyalle, Na Tawada Ko Na Fata?

Saura sati uku Babbar Sallah, ƙanwata da ke aure a wani ƙauye kusa da Ringim ta aiko mini saƙon murya. Ta ce, "Yaya, yaran nan sun hana ni sakat, wai sai sun yi wa babansu kati irin wanda kake koya wa 'yan makarantarku. Ni ma ina so in haɗa da na Baba, tunda bana ban samu halin yi masa ɗinki ba. Wane iri za mu yi?" A waya na ba ta amsa a gurguje. Amma tambayar ta fi ƙarfin minti biyu, domin na daɗe ina koyar da aikin hannu a firamare, na ga katunan da suka shekara biyar a akwati lafiya lau, na kuma ga waɗanda ba su kwana uku ba.

Al'adar dai baƙuwa ce, kowa ya sani. A Landan aka fara buga katin gaisuwar Kirsimeti don sayarwa, a 1843, bisa odar wani mutum mai suna Henry Cole. Ranar uba kuwa daga Amurka ta taso. Wata mata, Sonora Smart Dodd, wadda mahaifinta ya rene su shi kaɗai bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta tsaya aka yi bikin a garin Spokane a 1910, sai a 1972 Shugaba Nixon ya sa hannu ta zama doka. Lahadi ta uku a watan Yuni ake yin ta. To, a wannan lokacin Baba yana gona tun asuba, ko shuka ko noman firi, ba ya ma san an yi ba. Mu lokutanmu daban: Ƙaramar Sallah da Babba, dawowa daga aikin Hajji, naɗin sarauta, ajiye aikin gwamnati, tashi daga jinya.

Akwai wani bambancin da ya fi wannan nauyi. A can, ana jera kati a kan kanta a falo, a kalle shi mako guda, a kwashe. Ɗakin dattijo a ƙauye ba shi da wannan kantar. Akwai gado, akwai buzu, akwai rediyo, akwai ƙusa a bango da aka rataye riga, sai akwatin da yake ajiye takardun gona da katin zaɓe. Saboda haka duk katin da aka miƙa masa wuri uku kawai zai iya ƙarewa: aljihun gaban riga, daga nan ya wuce tsakanin littattafansa, ko cikin akwati, ko bangon zaure inda baƙi ke zama. Kafin a sayi ko da reza, a fara tambayar kai, a cikin ukun nan ina Baba zai sa shi? Amsar ita za ta raba gardama, domin kowane wuri da abokin gabarsa. Aljihu yana da gumi da lanƙwasa. Akwati yana da laimar damina da kyankyasai. Bango yana da ƙura, da hayaƙi, da gara in ginin ƙasa ne, da kuma jikoki.

Na kara shi ne mafi araha, kusan kyauta. Kwalin sabulu ko na taliya, a yanke gefen da ba rubutu, a lulluɓe shi da farar takarda. A ɓare ɓawon karan dawa siri-siri kamar yadda yara ke yi in za su ƙera mota, a jera a manna, sai ga rumbu ya fito, a yi masa jinka da busasshiyar ciyawa, a kafa masa tsani. Yaro ɗan shekara shida zai iya, kuma in aka gama yana da rai, ido na ganinsa sai ya tsaya. Matsalar tana zuwa ne in aka ce za a ƙawata shi da hatsi. Wata shekara 'yan aji huɗu sun yi mini katuna sama da talatin, sun cika su da gero da riɗi da wake, gwanin sha'awa, muka shanya su a aji ranar Juma'a. Ranar Litinin da muka buɗe ƙofa babu ko ƙwaya ɗaya, sai tabon gam da kashin ɓera. Tun daga nan na hana hatsi. Wanda ke son launi ya yi amfani da yashi, ko jar ƙasa da aka tankaɗe, ko garin gawayi. Haka kuma gam ɗin da aka dama da sitacin rogo ko fulawa gayyatar ƙwari ne. Farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, shi ya fi, kuma ɗan kaɗan ya isa.

Ko an kiyaye duk wannan, katin kara ba ya shiga ambulan, ba ya shiga aljihu, in aka danne shi a akwati ya rugurguje. Na bango ne, kuma daga sallah zuwa sallah ya yi ƙoƙari. Ni a ganina katin jika ne zuwa ga kaka. Dama tsakaninsu wasa ne, in rumbun ya karkace ma abin tsokana ya samu, tsoho ya ce, "Kai, da wannan rumbun za ka ciyar da matar tawa da kake cewa za ka ƙwace?" Babban mutum mai iyali kuwa kada ya miƙa wa mahaifinsa irin wannan.

Na ƙyalle ya fi shi daraja nesa, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ana gobe-gobe sallah, ƙarƙashin keken kowane tela cike yake da guntayen yadi, in ka roƙa ba ya hana ka. Dabarar da ta fi burge ni ita ce a nemi ragowar ainihin yadin da aka ɗinka wa mutumin riga, a yanke shi da siffar 'yar babbar riga, a ɗora a kan kwali mai kauri. Yana buɗewa zai gane rigarsa. A wuyan sai a yi ɗan aiki da zare da allura, a kwaikwayi aska biyu, domin aska takwas ta yi wa wuri kamar tafin hannu yawa. Kada a soka allura da zare kai tsaye a kwali, zai yage. A fara zana layin da fensir, a ɗora kwalin a kan guntun soso, a huda ramukan a jere da allura, sannan a bi su da zare. Bayan kwalin, inda ƙulle-ƙullen suke, a rufe shi da wata takardar. Wanda yake da tsohuwar hula ƙube da ta mutu a gefe amma tsakiyarta na nan, ya yanko murabba'i ɗaya daga jikinta ya manna, aikin ya ƙare, kuma zai yi wuya a samu adon da ya kama ƙafarsa.

Abu uku ke ɓata katin ƙyalle. Na farko gam: in ya yi yawa sai ya ratso farar shadda ya bar tabo kamar na mai, kuma ba ya fita. A shafa shi a kwalin, a bar shi ya ɗan sha iska, sannan a ɗora yadin. Na biyu zaɓen yadi: atamfa mai furanni da leshi, kome kyansu, za su mai da katin na Inna. Shadda, ko saƙi, ko farin yadi mai kauri su ne na maza. Na uku shuni. Baƙin yadi mai ƙyalli irin na marinan Kura, ko wanda aka tsamo daga karofin Ƙofar Mata da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa, babu abin da ya kai shi kwarjini a kan farin kwali. Sai dai yana zuba. Zai shafi rubutun da ke fuskantarsa, in kuma ya shiga aljihun farar riga ranar idi, to an yi ɓarna. In za a yi da shi, a sa siririyar takarda a tsakani, kuma a san cewa na akwati ne. Wannan katin ya dace da matan gida, musamman mace zuwa ga maigidanta ko 'ya zuwa ga mahaifinta, tunda allura da zare suna hannu, kuma yamma ɗaya ko biyu ta isa.

Yanzu ga wanda na fi so, ba zan ɓoye ba: katin tawada mai zayyana. Dalilina shi ne, duk sauran sai an yi wa dattijo bayanin mene ne, wannan kuwa idonsa ya riga ya san shi. Ya ga allon sauka, ya ga adon da alarammomi ke yi a gefen rubutunsu, baƙi da ja da ɗorawa da kore a cikin murabba'ai da da'irori. In aka kewaye ƙaramar takarda da irin wannan adon aka rubuta addu'a a tsakiya, ba zai ɗauke ta wasan yara ba.

Aikin yana farawa daga takarda. Wadda ake fotokwafi da ita a shagon kwamfuta nauyinta giram 70 zuwa 80 ne a kowane murabba'in mita, ta yi laushi, tawada na ratsa ta. A nemi mai giram 200 zuwa 250 a wurin masu sayar da kayan makaranta, kuma marar santsi, domin mai ƙyallin nan tawada ba ta kama ta, sai ta taru ta zama ɗigo-ɗigo. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗiga tawada a kusurwa, in ta bazu kamar a jikin tsumma a bar ta, in ta tsaya ta bushe da kaifin baki an samu. Girma kuwa, a raba takardar A4 gida biyu, a naɗe rabin, zai ba da kati mai faɗin santimita 10.5 da tsawon 14.8, daidai aljihun gaban riga. Kafin a naɗe a ɗora rula a ja layi da bayan wuƙa, in ba haka ba gindin naɗin zai tsattsage, musamman da hunturu lokacin da kome ya bushe ƙayau.

Sai tawada, kuma nan mutane da yawa ke yin kuskure. Tawadar allo, wadda ake haɗawa da baƙin tukunya ko gawayi da ƙaro, an yi ta ne don a wanke. Aikinta ke nan. Gumin aljihu kaɗai ya isa ya shafe ta. Ta takarda daban ce, ana dafa 'ya'yan bagaruwa da tsatsan ƙarfe a sa ƙaro, tana fitowa baƙa mai ɗan ja-ja, kuma in ta kama ta kama, shi ya sa littattafan kakanni suke karantuwa har yau. Duk tsangayar da ake rubutun takarda za a same ta. In ba a samu ba, baƙin biro mai kyau ya fi tawadar allo, ko da yake ba zai ba da kauri da sirantar da alƙalamin gamba ke bayarwa in an fiƙe shi daidai ba.

Boko ko ajami? A nan ba ra'ayin mai yin katin ake bi ba, idon Baba ake bi. Dattijai da yawa a ƙauyukanmu da ba su zauna a aji ba suna karanta ajami tiryan-tiryan, har yau da shi suke gane naira 200 da 500 da 1000, tunda a 2007 aka cire shi daga ƙananan takardun kuɗi. Mutumin da zai karanta katinsa da kansa, a ɗakinsa, ba sai ya kira jika ya karanta masa a gaban mutane ba, ya samu abin da ya fi adon duka. Amma a rubuta da irin hannun da ya saba, na allo, wanda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf ke da ɗigo ɗaya a sama. Ajamin da kwamfuta ke fitarwa irin rubutun gabas ne, yakan sa tsoho ya yi ta tuntuɓe. Wanda hannunsa bai faɗa ba kada ya ji nauyi, ya yi adon gefen da kansa, ya kai wa gardi ko alaramma ya rubuta masa layi uku, ya ba shi abin goro.

Gargaɗi ɗaya da ban taɓa sassautawa a kansa ba ko a aji: kada a rubuta ayar Alƙur'ani a kati. Kati yana faɗuwa ƙasa, yaro yana ɗauka da hannun miya, wata rana a share shi da shara. Addu'a da Hausa ta wadatar.

Raunin katin tawada shi ne ruwa da kuskure. Ɗigo ɗaya ya faɗo daga bakin alƙalami, aikin awa biyu ya tafi, don haka a yanko takarda uku tun farko. Wasu kan kai shi a yi masa laminatin don ya daɗe. Yana daɗewa kam, amma sai ya koma kamar katin shaidar aiki, kuma ba ya naɗuwa. Na fi son a saka shi cikin 'yar farar leda a bar shi yadda yake.

Na fata shi ne sarkinsu, a kuɗi da a daɗewa. A nan dole a nemi baduku, ko a kasuwar ƙauye ranar da take ci, ko a shiga birni, Kasuwar Kurmi ko wajen Ƙofar Wambai. Jar fatar akuyar nan tamu ita ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce suka sa mata sunan can. Da bagaruwa ake jeme ta, ja daga karan dafi, baƙi daga kuloko, rawaya daga gangamau. Abin da za a ce wa baduku ya yi shi ne ɗan ƙaramin tadarishi: kwali a ciki, siririyar fata a lulluɓe, a danna mata ado a fuska, a bar wani ɗan aljihu daga ciki inda za a zura takardar gaisuwa. Amfanin wannan aljihun babba ne. Fatar sau ɗaya ake sayenta, takardar kuwa kowace sallah sai a kawo sabuwa a ƙara, bayan shekara goma Baba yana da ɗan kundi.

A kula da abu biyu wajen saye. Fatar da ba ta jemu sosai ba tana wari, kuma damina na shigowa za ta yi fumfuna a akwati, har ta shafi takardun gona. A shinshina kafin a biya. Sannan akwai ledar kujera da ake sayarwa da sunan fata, a juya bayanta, in an ga saƙar zare to roba ce, shekara ɗaya za ta fara saɓulewa. Lokaci ma abin lura ne: gab da sallah dukawa suna kan kayan doki, masu hawa sun cika su da aiki, wanda bai ba da nasa wata guda kafin nan ba sai dai ya karɓa bayan an sauko.

Kuma kada a yi shi ƙarami ainun. Na taɓa sa aka yi wa Baffana wani ɗan mitsitsi, jar fata, an ɗinke gefe uku, ajami a ciki. Na miƙa masa bayan an sauko daga idi. Ya jujjuya shi, ya dube ni, ya rage murya ya ce, "Ta mece ce? Ta tsari ce ko ta kasuwa?" Laya ya ɗauka. Da na yi masa bayani ya yi dariya har da tari, amma na lura daga baya bai fasa sa ta a aljihu duk ranar kasuwa ba. Tun daga nan nake cewa a yi shi ya kai tafin hannu, kuma ya buɗe kamar littafi.

Katin fata ya yi wa gaisuwar sallah ta kowace shekara nauyi, in dai ba da dabarar aljihun nan ba. Wurinsa babban abu: an naɗa Kawu dagaci ko mai unguwa, Alhaji ya dawo daga Makka, malamin da ya koyar da rabin gari ya ajiye aiki, ko za a kai wa suruki, inda ake son abu ya nuna an girmama.

Akwai na shagon kwamfuta, a sa hoton Baba a tsakiya, furanni a gefe, a buga. Ba na raina shi, yana fitar da wanda lokaci ya ƙure wa, in an dace da wuta. Amma na kowa iri ɗaya ne, kuma tawadar ƙananan injinan nan ruwa na taɓa ta take zuba. In hoton ake so, a wanko shi a manna cikin katin ƙyalle ko na fata. Hoton gaisuwa ta WhatsApp kuwa, sai a tuna wayar Baba ƙarama ce mai tocila.

To me za a zana a kai? Katunan maza na ƙasashen waje cike suke da neketayi, da sandar wasan golf, da gashin baki, da kofin giya. Ko ɗaya babu wanda ya shafi mutumin da ke Gezawa ko Gumel. Amma tunanin da ke ƙarƙashinsu daidai ne, wato a nuna mutum ta hanyar abin da hannunsa ya saba riƙewa. Manomi, garma da sungumi a gicciye, ko amalanke. Mai noman rani a Kadawa, injin ban ruwa da kwandon tumatir. Masunci a fadamar Haɗeja, gora da koma. Bafulatani, sanda da malfa. Mai zuwa kasuwar dabbobi ta Maigatari duk Alhamis ko ta Wudil duk Juma'a, igiya da ƙaho. Malam, allo da alƙalami da 'yar kurtun tawada. Direba, motarsa da lambarta, kuma a rubuta lambar daidai, domin ita zai fara dubawa. Yayanka mai kwana da rediyo a kunne in Kano Pillars na wasa, ƙwallo da "Sai Masu Gida" sun gama masa kome.

Doki kowa na so ya zana, ni kuma kullum ina ba da shawarar a zana kayansa: sirdi, likkafa, linzami. Dalili biyu ne. Akwai dattijan da ba sa son surar abu mai rai a ɗakin da suke salla, kuma bai kamata kyauta ta jefa mutum cikin damuwa ba. Sannan dokin da yaro ya zana, sau tara cikin goma jaki yake fitowa. Wanda ya san mahaifinsa ba ya ƙin sura, kuma mai shanu ne, ya duba yadda mutanen da suka zana shanu a jikin duwatsun Birnin Kudu suka yi: jiki ɗaya, ƙafafu, ƙaho, babu ƙari. Da jar ƙasa da ƙaro za a iya kwaikwayonsu a farin kwali, su yi kyau matuƙa. Dagi kuwa yana shiga ko'ina, ya dace da kowane namiji, sai dai zana shi da ka yana da wuya. A fara jera ɗigo da rula, a bi su da fensir, a tabbatar kowane layi in ya hau ɗaya ya shige ƙarƙashin na gaba, sannan a sa tawada.

Abin da za a guje wa: rawani mai kunne biyu, tambari da alkyabba ga wanda ba shi da sarauta, domin a zaure za a rataye, kuma a ƙauye magana ba ta kwana. Alamar jam'iyya ma haka, katin zai fi ƙawancen siyasar daɗewa. Sai siffar zuciya da ƙyalƙyali, waɗannan a bar wa samari da 'yan mata. Launi dai ba na takura wa kowa, mazanmu suna sa shadda ruwan hoda su tafi masallaci, ba wanda ya ce uffan.

Rubutun ciki ya zama gajere, kuma ba a kama suna. "Baba, barka da sallah. Allah ya maimaita mana, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya bar mana kai." Ya isa. Ga wanda aka naɗa, "Ranka ya daɗe, Allah ya taya riƙo." Ga malami a fara da "Allah ya gafarta Malam." Ga mahajjaci, "Allah ya sa karɓaɓɓe ne, ya kai mu mu ma." Mace ga mijinta ta rubuta yadda take kiransa a gida, Malam ko Alhaji ko Baban wance. Na lura 'ya'yan fari su suka fi cin moriyar kati. Mutumin da mahaifinsa ko sunansa ba ya faɗa saboda kunya, wanda hirarsu ba ta wuce "an tashi lafiya" da batun taki, yakan iya rubuta "Allah ya saka maka da alheri bisa wahalar da ka sha a kanmu," abin da bakinsa ba zai taɓa iya furtawa ba. Amma kati ba ya tafiya shi kaɗai, kuma ba ya ɗauke wa mutum zuwa. A je a durƙusa a yi gaisuwa, a miƙa shi tare da goro ko turare ko hula, ko abin da ya sawwaƙa a naɗe a ciki. In na suruki ne, a ba jika ya kai.

Ga abin da na ce wa ƙanwata daga ƙarshe. Yara su yi wa babansu na kara, babu hatsi, ya rataye a shagonsa. Ita ta karɓo ragowar shaddar maigidan a wurin tela ta yi masa na ƙyalle. Na Baba kuwa na tawada, da ajami, tunda shi mutumin littafi ne kuma kome nasa a aljihu yake ƙarewa. Na fata mu bar shi sai Allah ya kira shi Makka, mu haɗa kuɗi mu duka a yi mai kyau.

Haka aka yi. Ita ta ja layukan gefe da ja da baƙi, wani gardi a tsangayar garinsu ya yi rubutun. Ranar sallah da yamma ina zaune a zaure ta shigo ta durƙusa ta miƙa, da ƙullin goro a kai. Baba ya ajiye goron a gefen buzu, ya ɗauko tabarau, ya karanta a hankali leɓɓansa na motsi, ya koma farko ya sake. Sai ya ce, "Wa ya rubuta? Hannunsa da kyau. Amma ya manta ɗigon fa a layi na biyu." Ya miƙa hannu ya ɗauko alƙalaminsa, ya tsoma a kurtu, ya ɗiga, ya hura, ya zura katin a aljihu. Sannan ya juyo gare ni ya ce in leƙa in gani ko an gama gyara kan ragon.